Yadda gidan yayata a Agege suka tara kuɗin haya daga kuɗin cefane

Wajen ƙarshen 2023 na sauka Legas, bautar ƙasa ce ta kawo ni, kuma da yake makarantar da aka tura ni koyarwa ba su da masauki sai na tare gidan yayata a Agege, can ɓangaren Zango. Ciki da falo ne a irin gidan hayar nan mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki biyu, kicin ɗaya kowa da lungunsa, mitar wuta ɗaya duk gidan. Ita da maigidanta da yara uku, ni ce ta shida. Kusan shekara na yi ina kwana a falon nan, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wani ma da hannuna.

Malam, wato maigidan nata, da can acaɓa yake yi tsakanin Agege da Ikeja, har ranar 1 ga Yunin 2022 da gwamnatin jiha ta hana babur ɗin haya a ƙananan hukumomi shida, Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Mainland, a Satumba kuma aka ƙara da Mushin da Oshodi da Shomolu da Kosofe. Agege ba ta ciki, amma kuɗin ai a Ikeja suke, shi ne ya haƙura ya sayar da mashin ɗin ya koma sarin albasa a kasuwar Mile 12 yana turawa a baro cikin unguwa. Samunsa na yau ne kawai, abin da aka sayar yau shi za a ci yau, ran da ruwan sama ya wuni kuwa sai a hankali. Bai gama daidaita ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen 500, kafin in bar Legas ma ta doshi 1,000, kuma kowa ya sani in mai ya motsa to komai sai ya motsa, tun daga kuɗin danfo, wato motar haya, har ƙullin gishiri. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga da kanta ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a kan ta bara.

Abin da ya tayar da maganar shi ne kuɗin haya. Wancan karon sai da Yaya ta sayar da ɗan kunnenta da keken ɗinkinta aka cika, ta ce min wallahi ba ta ƙara, don babu sauran abin sayarwa a ɗakin. Hayar shekara ce kamar yadda ake yi a Legas, naira 180,000, ana biya a Oktoba. Malam kuma kullum cewa yake Allah zai kawo, wanda gaskiya ne, amma ita tambayarta ɗaya ce, kullum ana ba ta kuɗin cefane, kullum suna ƙarewa kafin magariba, to ina suke tafiya?

Ni na ce mata mu rubuta. Na ɗauko ragowar littafin makarantar babban ɗanta mai layi-layi, muka ɗaure biro da zare a jikin ƙusar da ake rataye kalanda, duk abin da aka saya ko na naira 50 ne sai an rubuta. Satin farko da ƙyar, a manta, a tuna da daddare, yara su ce ba su san nawa canjin ya rage ba. Amma da muka yi wata guda muka zauna a tabarma bayan isha muna haɗawa da kalkuletar wayata, Yaya ta yi shiru ta daɗe tana kallon takardar, can ta ce, "Ke, ashe leda muke ci a gidan nan."

Abin da take nufi shi ne ƙulli. Manja na ƙulli, mangyaɗa na ƙulli, sukari na ƙulli, omo ɗan sacet, madara 'yar sacet, magi biyu-biyu, tumatir ɗan leda, shinkafa derika ɗaya yau derika ɗaya gobe. Derika dai gwangwanin tumatir ne babba da ake awo da shi a nan, kamar yadda muke da kwano da tiya a gida, sai kuma robar fenti da ita ce babban ma'auni. Duk wanda ya ƙulla miki abu a leda ya ɗora ribarsa da kuɗin ledar da na zamansa, kuma hakkinsa ne, sana'arsa ke nan, amma ke da kike saya sau talatin a wata sau talatin kike biyan ribar nan. Muka kwatanta kuɗin manjan ƙulli na wata da kuɗin kwalba guda cikakkiya a kasuwa, bambancin ya isa sayen wake derika biyu. Haka omo, haka sukari. Ga kuma abin da ba a gani, duk yaron da aka aika shago sai ya dawo da alewa ko biskit a canjin, sau huɗu sau biyar a rana.

Na biyu da ya ba mu mamaki mai POS ne. Masu sayen albasa da yawa yanzu tiransifa suke yi, sai Malam ya tsaya ya ciro 2,000 ko 3,000 kuɗin cefane a caje shi 100, gobe ma haka. A watan nan sau 22 muka ƙirga, 2,200 ke nan ta tafi a cirar kuɗinsa na kansa.

A nan fa aka samu matsala, don ran da Yaya ta ajiye masa littafin kusa da kwanon tuwo ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Wato yanzu ƙirga min loma ake yi a gidana?" Ya tashi bai ci ba ya fita majalisa. Ni kam na tsorata, na ɗauka na haɗa faɗa a gidan mutane. Kuma na fahimce shi, mutumin da yake tura baro cikin ranar Legas tun safe, ya dawo a nuna masa lissafi, dole ya ji kamar ana cewa ya gaza ne. Yaya ba ta sake tayar da maganar ba har kwana uku, sai ta yage shafin da yake nuna nasa kashe-kashen ta bar na kicin kawai, ta ce masa, "Malam, ba kai nake tuhuma ba, ni nake tuhuma, duba abin da nake yi da guminka." Da wannan ya sauko. Bayan sati biyu shi da kansa ya ce a ƙara masa shafi, a nan aka ga shayin safe wajen mai shayi da biredi da ƙwai, fiya wata huɗu zuwa biyar a yini, lemo in rana ta yi zafi, da data ta kwana ɗaya-ɗaya da yake saya kusan kullum. Yanzu da filas ɗinsa na shayi yake fita da gorar ruwa da ta kwana a sanyi, da kula ta abinci a ɗaure a ƙasan baro, data kuma ta wata yake sawa, bidiyo sai ya dawo gida da dare.

To amma ga inda yawancin masu ba da shawara suke tsallakewa. Kowa zai ce miki sayi da yawa ya fi sauƙi, eh gaskiya ne, amma da wane kuɗin? Wanda ake ba shi na yau kawai ba zai iya sayen na wata ba, shi ya sa talaka ya fi mai kuɗi sayen abu da tsada. Dole sai an samu wani ɗan dunƙulallen kuɗi sau ɗaya da za a fara da shi. Mu dai daga alawina aka samu, lokacin 33,000 ake ba mu, na ranta mata 20,000 a Janairu, ta sayo manja da mangyaɗa na kwalba, sukari, omo babba, sabulu sanda, magi fakiti, gishiri, da robar fenti ta wake. Ka'idar da ta sa wa kanta ita ce, Malam zai ci gaba da ba da kuɗin cefane yadda ya saba, ita kuma duk abin da ta ɗiba a cikin kayan nan sai ta "saya" a wajen kanta a farashin shago, ta jefa kuɗin a wani gwangwanin madara. Kafin kayan su ƙare kuɗin sayen wasu sun taru har da ɗori, ɗorin nan shi ne ribar da da mai shago yake ci. A wata na uku ta biya ni kuɗina.

Daga nan ta shiga adashe da matan layin, su goma, 3,000 duk Juma'a, kwasa 30,000. Maƙwabciyarmu ta ɗakin ƙarshe, wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke ce wa Iya, ita ce uwar adashen, su ajo suke ce masa. Duk kwasar Yaya abinci take zama, masara da za a kai niƙa, shinkafa, garin kwaki, ba ta yarda ta shigo da kuɗin ɗaki su kwana, don ta ce in suka kwana to da safe sai wata buƙata ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Kayan miya kuwa a nan muka ci riba kuma a nan muka yi asara. Tumatir da tattasai da attaruhun da ake ci a Legas yawanci daga Arewa tireloli suke sauke su a Mile 12, kuma lokacin noman rani, daga Janairu zuwa Maris haka, sun fi araha, in damina ta kama sai su yi wuta. Ana gab da azumi, wanda aka fara 11 ga Maris, Yaya da maƙwabta su huɗu suka haɗa kuɗi Malam ya sayo musu kwando guda tunda kullum yana can, aka raba a tsakar gida. Rabin namu muka markaɗa muka dafa shi har ruwan ya ƙone ya yi kauri, aka soya da mai da gishiri, aka ɗura a ƙananan robobi aka kai firizar Iya, duk wata ana ba ta wani abu na wuta. Wannan ya yi kyau, ya kai mu har bayan ƙaramar Sallah. Ɗaya rabin ni na dage a yanka a shanya a yi kauɗa kamar yadda Inna take yi a gida, na manta nan ba Arewa ba ce, iskar Legas jiƙe take ko da rana ake ƙwallawa, kwana uku a kan buhu a saman kwano sai ga fumfuna fari-fari ya rufe shi, gaba ɗaya muka zubar, har yau in na tuna sai na ji ciwon kuɗin nan. Tun daga ranar Yaya ta daina gwada shanya komai, sai dai ta aika gida, Inna ta haɗo kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa da barkono a ba direban motar albasa ya taho da su, a ba shi na goro. Ran da tumatir ya gagari mutane wajen babbar Sallah a watan Yuni, har wasu suna markaɗa karas suna miya da shi, mu kauɗar Inna muke jiƙawa.

Girki ma an taɓa shi. Da gas kilo ɗaya kilo biyu ake ɗurowa, kuma a kansa ake dafa komai har wake. Sai aka raba aiki, gas na safe ne, ruwan shayi da ɗumame da abin da yara za su tafi da shi makaranta, abu mai daɗewa kamar wake da tuwo da ganda sai a kurfoti da gawayi a waje. A waje fa, wannan Yaya ba ta wasa da shi, gawayi a ɗaki rufe yana kashe mutum cikin barci ba tare da ya ji komai ba, kamar dai hayaƙin janareto. Wake tun dare ake jiƙa shi, da safe ba ya cin rabin wutar da yake ci da. Tukunya kullum a rufe, don da yawanmu muna barin murfi a gefe wuta tana tafiya a banza. Akwai kuma dabarar da Iya ta koya mata, in shinkafa ta tafasa ruwan ya kusa tsotsewa sai a sauke a naɗe tukunyar da tsohon bargo a saka a kwali a rufe, bayan kamar minti talatin a buɗe ta turara ta nuna lugub ba ƙanzo. Ranar farko ban yarda ba sai da na ɗanɗana.

Wuta kuma rigimar gidan haya ce. Kowane ɗaki yana ba da kuɗi a sayi kati a loda a mita, kuma kullum yunit ɗin yana ƙarewa kafin lokaci, kowa yana zargin kowa. A Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, kuɗin wuta daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, layinmu ba ya ciki, amma tsoro ya sa aka kira taron gida. Ni aka sa na yi bayani tunda ni ce malamar makaranta. Na ce musu yunit ɗaya shi ne abu mai wat 1,000 ya yi awa ɗaya yana aiki. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti da dutsen guga kowannensu wajen wat 1,000 ne ko fiye, wato awa ɗaya yunit ɗaya ya tafi. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 in ya kwana awa goma ya ci fiye da rabin yunit, shi kuwa farin nan na LED mai wat 9 ko kashi ɗaya cikin goma na yunit bai ci ba. Da aka zagaya sai ga ƙwai masu zafin nan guda biyar a baranda da banɗaki da kicin suna kwana a kunne, hita kuma ɗaki huɗu suna da ita, har da namu. Aka canza ƙwayayen, aka hana hita, ruwan wankan yara a ɗora a ragowar garwashin gawayi, guga kuma Yaya ta mayar da ita sau ɗaya a sati, a tara yunifom da kayan Juma'a a goge gaba ɗaya. Ba kowa ya bi ba, akwai ɗakin da har na tafi muna jin ƙarar hitarsu da asuba, amma katin da yake yin sati biyu ya koma yana haura sati uku.

Ruwa ba wani dogon labari, 'yan ga-ruwa ake saya wa, jarka mai lita 25, su ma sun ƙara kuɗi don mai bohol ya ƙara musu. Ta sayi tsohon duro aka kafa a bakin indararo, ruwan farko a bar shi ya wanke kwano, na bayansa a tara na wanki da wanke-wanke, ruwan ɗauraya kuma ba a zubarwa, shi ake kai wa banɗaki. Na sha a tafasa a tace a bar shi a randa, aka rage sayen jakar fiya wata. Kayan yara gwanjo a kasuwar Katangowa ta Abule Egba, da sassafe ranar da ake buɗe dila. Kuɗin tara na makaranta ya koma soyayyar gyaɗa da zoɓo a gora, ƙaramar ta yi kuka kwana biyu ta saba.

Anko ne ya jawo mata magana. Biki uku ta ƙi yin anko a shekarar, ta je da atamfarta ta da ta ba da gudummawarta a hannu, wata ƙawarta har ta daina gaishe ta na ɗan lokaci, ana cewa ta zama mai maƙo tunda ƙanwarta 'yar boko ta zo. Abin ya dame ta, na ga ta yi hawaye a kansa, amma ba ta canza ba.

Inda ni na yi kuskure kuma ta taka min birki shi ne maganar baƙi. Duk wanda ya san gidan ɗan Arewa a Legas ya san tasha ne, yau ɗan ƙanin Malam ya zo ci-rani, gobe wani ɗan garinsu ya kawo shanu mayankar Oko-Oba zai kwana biyu, jibi wata ta zo asibiti. A littafin nan na ga sarai duk satin da aka yi baƙi abinci yana ninkawa, sai na ce mata Yaya ko za a riƙa nuna musu masallaci ko gidan Sarkin Hausawa. Ta kalle ni wani iri ta ce, "Auta, ran da Malam ya fara zuwa garin nan da jakar leda ɗaya ya zo, a ɗakin wani ya kwana wata huɗu ba a taɓa tambayarsa sisi ba. Baƙo raɓa ne. Kar in ƙara jin wannan a bakinki." Haka kuɗin da ake tura wa mahaifiyar Malam duk wata, ko sau ɗaya ba a taɓa shi ba. Abin da kawai ta canza shi ne tukunyar, in da baƙi to tuwon masara ne da miyar kuka ko ɗanwake, abin da zai ƙosar da mutum takwas da kuɗin da shinkafa za ta ƙosar da huɗu, kuma baƙin ma sun fi murna da shi don sun yi kewar na gida. Na daɗe ina jin kunyar maganar da na yi.

Duk abin da aka tsira da shi asusu yake shiga, na katako da kafinta ya buga mata ba murfi sai 'yar tsaga. Malam 500 kullum kafin ya cire takalmi, ran da kasuwa ta yi kyau 1,000, ran da aka yi ruwa ba komai. Ita kuma ɗorin gwangwanin madara duk ƙarshen sati. Sau ɗaya aka kusa fasa shi, a watan Yuli da zazzaɓi ya kwantar da na tsakiyan, Malam har ya ɗauko guduma, sai Iya ta ba da kwasar adashen wani satin aka yi musanye aka kai shi asibiti da ita.

Farkon Oktoba mai gidan ya aiko ejan ɗinsa da takarda, haya ta koma 230,000. Daren nan bayan yara sun yi barci Malam ya sa bayan guduma ya ɓalle katakon a kan tabarma, kuɗin suka zubo duk sun yi laushi saboda danshi, wasu 'yan ɗari biyun har sun manne da juna sai da muka riƙa ɓanɓarewa a hankali. Ni ina jera dubu-dubu, Yaya tana ɗaurewa da kyauro, shi yana ƙirgawa a bayyane. Sau biyu aka ƙirga, 186,200. Da ba a yi ƙari ba da sun biya har da canji. Malam ya daɗe yana kallon ɗaurin kuɗin, sannan ya ce Alhamdulillahi, gobe zai kai wannan ya roƙi wata ɗaya a kan ragowar 43,800, kwasar Yaya ta gaba saura sati biyu, sauran kuma zai nema wajen ubangidansa na Mile 12. Yaya ta tattara ɓallallen katakon ta miƙa masa, ta ce in zai fita da safe ya biya wajen kafinta a sake buga shi.